Leda a Aljihun Rigar Alhaji

Ko za a wanke mini ƙwaƙwalwa da soso da sabulu, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Summerfield ba, ranar da ni, da hankalina da gemuna, na cusa leda a aljihun babbar riga na tafi taron ɗanɗana giya. Kafin wani ya fara salati, bari in faɗa tun yanzu: ban sha ba. Ko ɗigon giya bai taɓa harshena ba. Amma abin da na aikata a ranar, har yau in mutanenmu na Greensboro suka taru cin tuwo, da shi suke buɗe ciki.

Sai kun san wane ne ni a wancan lokacin sannan za ku gane zurfin ramin da na faɗa. Ni ne ɗan sandan santi. Tun a gidanmu a Kano, babu wanda ya isa ya kai loma uku ya buɗe baki ya ce wani abu ban kama shi ba. Ni kuwa ko naman kai aka dafa da man shanu, haka zan cinye fuskata a murtuke kamar mai shan magani. Ina alfahari da wannan fiye da yadda nake alfahari da digirina.

Da na zo Greensboro ta Amurka karatu, sai na zo da sana'ata. Duk Lahadi muna taruwa a gidan Alhaji Isuhu da ke High Point Road. Alhaji mutumin Damagaram ne, direban tasi, ya fi shekara goma a garin, kuma shi ne uban duk wani ɗalibi da ya sauka da akwati ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai. Matarsa Hajiya Rabi tana da hannun girki da zai sa waliyyi ya yi suɓutar baki. To kun san tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa, don haka na sa Alhaji a gaba. Sau uku ina kama shi. Na ƙarshen, yana tsakiyar cin dambun zogale ya ɗaga kai sama ya ce, "Kai, Amurkawan nan dai sun iya fentin rufin ɗaki." Na miƙe tsaye na ce a kawo waigi a sa wa Alhaji kafin ya gangara. Aka yi ta dariya har yaransa, waɗanda Hausar ma ba ta ishe su ba.

Alhaji ya suɗe yatsa, ya dube ni ya ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Bakano, ranarka na zuwa. Ni mai haƙuri ne."

A shekarar nake ƙarasa digiri na biyu a fannin kimiyyar abinci. Watan Disamba karatun zai ƙare, takardar zamana ma ta ƙare tare da shi, sai dai in na sami gurbin digirin digirgir. Gurbi ɗaya ne tak a ɗakin binciken malaminmu, mu uku kuma muke nema. A gida kuwa, saboda bakina da ba ya riƙe magana, tuni 'yan unguwa sun fara kiran mahaifiyata Innar Dakta. Ku duba min: in koma Kano da akwatina in ce mata me?

Malamin nan, wanda kowa ke kira Farfesa kawai, wani gabjejen tsoho ne mai farin gemu, hannunsa kamar faranti. Ɗan manoma ne, kuma duk rayuwarsa ya ƙarar da ita a kan inabi guda ɗaya, wanda ake kira maskadin. Ba irin inabin kanti ba ne mai siririyar fata. Wannan 'ya'yansa manya ne kamar kanya, baƙi-baƙi, fatarsa da kauri, a dajin kudancin ƙasar yake fitowa da kansa tun kafin zuwan Turawa. Manyan masana giya sun raina shi, wai abin shan 'yan ƙauye ne. In kana so ka ga jijiyar wuyan Farfesa ta tashi, to ka maimaita wannan maganar a gabansa. Kakansa yana matse inabin nan ya yi jar giya da shi, ubansa ya gada, shi ma ya gada. Duk watan Oktoba, bayan an gama tsinka, sai ya gayyaci ɗalibansa da abokansa gonarsa da ke Summerfield a ɗanɗana giyar shekarun baya.

Ana saura mako guda, wani ɗan ajinmu ya ja ni gefe ya ce mini a wurin taron nan Farfesa yake zaɓar ɗalibinsa. Ya ce bara wani ya kurɓa ya ce ta yi kama da maganin tari, yanzu haka yana can yana sayar da tsofaffin motoci. (Ban taɓa bincika ko gaskiya ne ba. Daga baya na gano shi mai ba ni labarin yana cikin mu ukun da ke neman gurbin.)

Na san abin da kuke cewa a ranku. Kalma uku ce: ba na sha. Ko yaron goye zai iya faɗa. Amma mu da aka raina a kan in babba ya miƙo maka abu ka sa hannu biyu ka karɓa, ta yaya zan kalli tsohon nan, a gidansa, a gaban baƙinsa, in ture abin da ya gada daga kakansa? Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron in ce ba na sha, ya ce to mai binciken inabi da ba ya sha, me zai yi da shi.

Sai na nufi laburare, mafakar duk matsoracin da ya yi boko. Kwana uku ina karanta littattafan ɗanɗana giya, kuma abin da na gano ya girgiza ni. Za ka riƙe tambulan ta ƙafarsa, ka ɗaga shi wajen haske, ka jujjuya abin da ke ciki, ka zura hanci ka shaƙa, ka kurɓa, sannan ka lumshe ido ka fara zuba: wai kana jin ƙamshin itace, wai kana jin ƙasar da aka shuka inabin, wai ta tuna maka da kakarka. Jama'a, wannan ai santi ne! Santi tsagwaronsa, da lasisi. Abin da muke yi wa mutum dariya a kansa har ya bar gari, su littafi suka rubuta masa mai hotuna, har makaranta ake zuwa a koyo.

Na ce to, in dai magana ce, Bakano ba ya jin tsoron magana. Na kwafi jimloli masu nauyi na haddace su kamar karatun allo. Saura matsala ɗaya: ina zan kai abin da ke cikin tambulan? Littafin ya ce ƙwararru suna kurɓa su tofar, amma kurɓar ma ai ta shiga baki. In zuba a tukunyar fure, wani zai gani. Ina kwance ina kallon rufi sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da Shaiɗan ke kawo wa mutum a nannaɗe da takardar kyauta. Babbar riga! Tana da aljihu a ƙirji wanda zai ɗauki ɗan akuya, tana da hannu mai faɗin labule. In sa ledar nan mai zif, ta ajiye nama a firji, a cikin aljihun. In ɗaga tambulan, in kare fuskata da hannun riga, in tuttula a leda, in ja zif. Shi ke nan, ba a ɓata wa kowa ba. (Batun ko ya halatta mutum ya yi yawo da giya a ƙirjinsa kuwa, nan take na yi wa kaina fatawa. Ni ne mai tambaya, ni ne malamin, kuma malamin ya yi sassauci ƙwarai.)

Ba ni da babbar riga. Alhaji Isuhu yana da ita: farar shadda mai maiƙo, ɗinkin Damagaram, aikin hannu tun daga wuya har cibiya, sau ɗaya ya sa ta, ranar ƙaramar Sallah da ta wuce da 'yan makonni. Na je na durƙusa na ce taron makaranta za mu yi, ana so kowa ya nuna al'adarsa.

"Taron mi?" in ji Alhaji.

"Na... binciken 'ya'yan itatuwa, Alhaji."

Hajiya Rabi ta leƙo daga kicin ta dube ni, irin kallon da iyaye mata ke yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha nonon ba alhali ga shi a gemunsa. Sannan ta koma kan girkinta.

Alhaji ya ɗauko rigar da kansa, a cikin ledarta, ya ɗora mini a hannu biyu. "Dakor, na yarda. Amma ka ji, Bakano, rigar ga wata huɗu mai ɗinki ya yi yana aikinta. Ka lallaɓa ta kamar ƙwai. Kuma ni zan kai ka, don ban yarda ka shiga bas da ita ba."

Kwana biyu ina atisaye a gaban madubi da ruwan shayi. Na ƙware har ina jinjina wa kaina. Abin da ban gwada ba, saboda wayona bai kai nan ba, shi ne tambulan fiye da ɗaya.

Ranar Asabar bayan azahar Alhaji ya sauke ni a ƙofar gonar. Ya ce yana da fasinja zuwa filin jirgi, in ya sauke shi ya yi la'asar zai dawo ya ɗauke ni. Na shiga ina taku ɗai-ɗai, shadda tana ƙara, leda tana kwance a ƙirjina ta hagu.

Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Layukan inabi a kan waya har gangare, dawakin maƙwabta suna kiwo a bayan shinge, ga doguwar baranda an jera tebur da kwalabe, mutane kamar ashirin. Ina bayyana aka yi tsit, sannan aka yo kaina. Wannan ya taɓa aikin wuyan, waccan ta nemi hoto. Sauran 'yan takarar biyu, da wandunansu na jins, suka koma gefe kamar 'yan rakiya. Na ce a raina, an gama, gurbi ya zama nawa.

Matar Farfesa, Mis Loreta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai fara'a wadda ke kiran kowa zumana, ita ke rabon abin sha a tire. Ta zo gabana ta zaɓo wani tambulan da aka ɗaura wa koren zare a ƙafa, ta miƙo mini tana murmushi, har da ɗan kashe ido. "Wannan naka ne, zumana. Duk inda ka ga koren zare, naka ne." Na duba na kowa, babu zare. Na ce lallai, babban baƙo ake karramawa. Na sa hannu biyu na karɓa.

Farfesa ya yi ɗan jawabi a kan kakansa da kurangar inabin farko da ya dasa. Sannan kowa ya ɗaga tambulan. Na ɗaga nawa wajen haske: ja ne mai duhu, ya fi zoɓo kauri. Na jujjuya kamar yadda littafi ya ce. Na zura hanci. Wani ƙamshi mai daɗi ya bugo ni, ƙamshin 'ya'yan itace zalla, babu wani ɗaci ko hamami a ciki. Hancina ya gaya mini gaskiya tun a nan, na ƙaryata shi, don shi bai karanta littafi ba. Na ɗaga hannun riga, na yi labule, na tuttula, na ja zif. Na sauke hannu ina motsa baki, ido a lumshe.

Wata mata mai gashin azurfa, wadda ta riga ta gaya mini sau biyu cewa a Irving Park, unguwar masu kuɗi, take zaune, ta matso. "Gafarta mini, me ya sa kake rufe fuska in za ka sha?"

Ƙarya, in ta sami ƙofa, ba ta sallama. Na ce, "A ƙasarmu manya ba sa bari a ga bakinsu in suna sha. Girmamawa ce ga abin shan."

"Kai, abin sha'awa!" in ji ta. A zagaye na biyu na hango ta ita da ƙawarta sun kare fuska da tsumman goge baki suna kurɓa. A na uku sun zama su biyar, har da wani likitan haƙori.

A nan ne lissafina ya fara kwancewa. Na ɗauka tambulan ɗaya za a ba mu a tashi. Ashe shekara-shekara ake bi: ta bara, ta bara waccan, ta shekarar da aka yi fari, ta shekarar da 'yarsu ta yi aure. Duk zagaye sai Mis Loreta ta zo da koren zarenta, kuma ni nawa cika shi take yi fal, alhali na sauran ɗan kaɗan ake zubawa a ƙasa. A tambulan na uku ƙirjina ya yi sanyi kamar an ɗora mini ƙanƙara. A na huɗu ɓangaren hagu ya fi na dama tudu, har na lura likitan haƙorin yana satar kallona da damuwa irin ta ma'aikatan lafiya. In na yi taku sai in ji culum, culum. Na daina tafiya. Aka ba ni kujera na ce a al'adarmu ba a zama. Cokalin wata ya faɗi a gabana, na kalle shi, ya kalle ni, na kau da kai. A na biyar zif ɗin da ƙyar ya rufu.

Sai Farfesa ya ƙwanƙwasa tambulansa da cokali, ya ce yana so ya ji ta bakin ɗalibansa uku a kan ta ƙarshen nan, wadda ya fi ji da ita. Na farko ya ce tana da daɗi. Ta biyu ta ce ta fi ta bara zaƙi kaɗan. Na ji tausayinsu. Aka juyo gare ni.

Na gyara tsayuwa a hankali saboda kayan da nake ɗauke da su, na ɗaga tambulan da babu komai a ciki, na lumshe ido, na buɗe famfo.

Na ce da farko tana shigowa da ladabi, kamar baƙuwar da ta san darajar gida. Na ce daga nan sai ɗacinta mai daraja ya kama gefen harshe. Na ce ina jin itacen gangar da ta kwanta a ciki shekara da shekaru, ina jin hayaƙi, ina jin fatar sirdi, ina jin taba. (Wallahi haka littafin ya ce, har da fatar sirdi. Ni ma na yi mamaki.) Na ce ɗuminta yana sauka a ƙirji a hankali, ni da ƙirjina ke kaɗawa don sanyi. Da na ga an yi tsit ana saurare, sai na saki littafin na kama nawa. Na ce wannan ba abin sha ba ne, wasiƙa ce daga kakan Farfesa. Na ce duk wanda ya raina inabin nan bai san uwarsa ba. Na ce da za a kai kwalba ɗaya majalisar ƙasashen duniya, da an daina yaƙi. Minti goma ina yi. Ni, ɗan sandan santi.

Da na buɗe ido, na ga fuskar Farfesa ta yi jawur, kafaɗunsa suna rawa, hawaye yana bin gemunsa. Mis Loreta ta toshe baki da hannu biyu. Na ce a raina, Allahu akbar, na taɓa zuciyar tsoho. Ya ajiye tambulansa, ya buɗe hannuwan nan nasa, ya nufo ni.

Na ga abin da zai faru kafin ya faru. Na ce, "Farfesa, a al'adarmu..." Ban ƙarasa ba. Ya rungume ni, irin rungumar manomin da ya saba ɗaga buhu, ya matse, har da bubbuga baya.

Fus!

Ba ƙara mai yawa ba ce. Amma tambulan biyar ne cif. Wani ya yi sama ya wanke mini gemu ya shiga hancina, wani ya fesa a farar rigar Farfesa, sauran ya gangara ta cikin aikin wata huɗu, daga wuya har gwiwa, ya taru a takalmina. Farar shaddar Damagaram ta koma kamar an yanka rago a kanta. Matar Irving Park ta ƙwalla ƙara ta ce zuciyarsa ta fashe. Likitan haƙori ya ture kujera yana ihu a kira motar asibiti, a kwantar da ni, ya ce tun ɗazu ya ga kumburin. Ya cusa hannu a aljihuna don ya danne inda jinin ke fita, ya zaro leda. Ya ɗaga ta sama tana ɗiga, kowa yana kallo, har an rubuta a jikinta da alƙalamina: naman miya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har dokin maƙwabta na ji yana taunar ciyawa.

Sai wata murya daga bakin baranda, da Hausa, a natse: "Inna lillahi. Rigata."

Alhaji Isuhu ne. Fasinjansa ya fasa tafiya, ya dawo da wuri, Mis Loreta ta shigo da shi tun ina kan fatar sirdi. Yana tsaye da hularsa da makullin mota, kuma a hannunsa akwai tambulan mai koren zare, ya sha rabi.

Na ce, "Alhaji! Kada ka sha! Giya ce!"

Ya dubi tambulan, ya dube ni. "Wace giya? Ruwan inabi ne, matsar safiyar yau. Ni da ta miƙo mini tambaya na yi, na ce Madam, akwai alkol ciki? Ta ce babu, wannan na masu salla ne, ni da kai. Tambaya guda, Bakano. Ko kuɗi ba a biya."

Mis Loreta ta matso da tawul, tana dariya tana ba ni haƙuri a lokaci guda. Ta ce ai Farfesa ya ga na yi azumin wata guda cur a ɗakin bincike, ya kuma sha ganina ina salla a bayan firjin samfura, shi ya ce ta matse mini nawa daban. Ta ce ba ta so ta faɗa a gaban mutane ne don kada in ji an ware ni, ta ɗauka da kurɓar farko zan gane. Wato ita tana yi mini kara, ni ina yi mata kara, karar ta haɗu ta fashe a ƙirjina.

Hawayen Farfesa kuwa, ashe na dariya ne. Tun da na ambaci itacen ganga yake danne ta, don abin da ke tambulana bai taɓa ganin ganga ba, daga injin markaɗen matarsa ya fito. Ya ɗauka wasa nake yi, ina kwaikwayon masanan nan da suka raina inabinsa, shi ya sa ya taso ya rungume ni. Yanzu da ya ga leda, dariyar ta ɗauke. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa sakamakon binciken da ya yi kyau fiye da kima.

"Wato ko kurɓa ɗaya ba ka yi ba," in ji shi.

"Ban yi ba, Farfesa."

"Duk abin da ka faɗa fa?"

"Daga littafi. Ban da maganar yaƙi, wannan tawa ce."

A lokacin na ga Disamba a gabana, na ga akwatina, na ga fuskar Inna. Ni, mutumin da aikinsa shi ne ya auna abu ya rubuta abin da ya gani, na tsaya a gidansa na ba da rahoton minti goma a kan abin da ban taɓa ba. Kunya ta ishe ni har na ji da ƙasa za ta tsage da na shige da rigar Alhaji duka.

Farfesa ya ɗauki tulun ruwan inabin, ya cika tambulan, ya miƙo mini. "Sha. A gabana, ba labule. Sannan ka gaya mini abin da ka ji, ba abin da ka karanta ba."

Na karɓa, ina ɗiga, na kai baki.

Jama'a, ban san me zan ce muku ba. Zaƙi ne mai kauri ya fara zuwa, sai wani ɗan tsami ya biyo shi kamar na tsamiyar biri, sai ƙamshin nan ya cika mini baki ya fita ta hanci. Na ji kunnena ya motsa. Na sake kurɓa. Na shanye. Na tuna tambulan biyar na wannan abin na zubar a leda, na ji kamar in yi kuka. Na sauke tambulan, idona ya faɗa kan shingen maƙwabta, sai kawai na ji bakina yana cewa, da Hausa, ba da izinina ba:

"Kai, Alhaji, dawakin ƙasar nan dai akwai gashin wutsiya."

Alhaji ya ajiye tambulansa a hankali a kan tebur. Ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. "A kawo waigi!" Ya faɗa da ƙarfin da dawakin suka ɗago kai. "A kawo waigi, Bakano ya gangara! Sau biyu rana guda! Na farko a kan abin da bai sha ba!"

Farfesa ya tambayi me ake ciki. Alhaji, da Turancinsa na tasi, ya zauna ya yi wa taron nan bayanin santi tiryan-tiryan, har da misalai, duka a kaina. Turawa suka yi ta kallon juna, don sun gane shekara da shekaru abin da suke taruwa suna yi ke nan. Da ya gama, Farfesa ya juyo ya ce har yanzu yana jiran amsata. Na ce masa gaskiya: ya yi kama da wani ɗan itace da muke tsinka a daji muna yara, ɗinya, wanda 'yan birni ke rainawa, sai dai wannan ya fi shi tsami, kuma akwai ɗan ɗaci a ƙarshe da nake zaton daga fatar yake.

"Daga fatar yake," in ji shi. "Wannan ce magana ta farko da ka yi yau da zan iya rubutawa. Ka zo ofis ranar Litinin. Ka zo da riga marar aljihu."

Shekara biyar na yi a ɗakin bincikensa, a kan fatar inabin nan na rubuta kundina, kuma ko sau ɗaya ba a ce in sha abin da ba na sha ba. Inna ta zama Innar Dakta da gaske.

Rigar kuwa ba ta fita ba. An kai ta wurin masu wankin inji sau biyu, Hajiya Rabi ta gwada lemon tsami da gishiri da duk abin da ta sani, jan ya koma ruwan hoda ya zauna daram. Na ce zan ɗinka wa Alhaji wata, ya ce ko kusa, wannan ta fi masa sabuwa. Ya rataye ta a bayan ƙofar falo. Duk sabon ɗalibin da ya sauka a garin, kafin a zuba masa tuwo sai an nuna masa ita, an ba shi tarihi, ni kuma ina zaune a wurin ina cin abincina shiru. Tun daga ranar ban sake kama kowa da santi ba, don wanda aka rataye shaidarsa a bayan ƙofa ba ya aikin ɗan sanda.

Abin da na koya bai da yawa. In an miƙo maka abin da ba ka sani ba, ka tambaya. In ba ka sha, ka ce ba ka sha, kalma uku ce, kuma ta fi leda riƙe ruwa. In kuwa ka ƙi ji, ka nace sai ka yi dabara, to don girman Allah ka yi ta a cikin rigarka.